Sawun Takarda ta Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ran Juma'a da hantsi shanu goma sha huɗu suka ɓace a fadamar Toumboutou. Kadiri, mai shanun, ya wuni yana zagaye daji da ƙannensa bai ga ko wutsiya ba. Sai wayewar garin Asabar ya aika Malanville a kira masa Issufu mai bin sawu.

Issufu ya ba hamsin baya. Aji huɗu ya yi a boko, abin da ya rage masa bai wuce karanta suna da lamba ba, amma ƙasa kam yana karanta ta kamar allo. Ya jingine motonsa, wato babur, a gindin giginya, ya durƙusa, ya jima yana duban ƙasa. Da ya miƙe sai ya ce mutum uku ne suka kora su, a hankali, ba mai gudu, kuma akwai saniya guda mai jan ƙafar baya ta hagu. Kadiri ya ce haka ne, ƙaya ta taka tun damina.

Suka bi sawun har bakin kwaltar da ke tafiya Kandi. A bayan wata tsamiya kashin shanu ya taru wuri ɗaya, wani ya bushe ƙayau, wani da sauran danshi a cikinsa. Issufu ya fasa guda da tsinke ya duba. Shanun sun tsaya a nan tun kafin azahar har la'asar, sannan kamiyo, babbar motar kaya, ya ja da baya zuwa tudu aka loda su. Abin ya tsaya masa a rai. Wanda ya sato shanu ba ya zama da su a bakin hanya awa huɗu sai in akwai abin da yake jira.

A shingen jandarma na gaba suka gane abin da aka jira. Kamiyon ya wuce da ƙarfe biyar na yamma, kuma direban ya nuna takardar wucewar dabbobi, irin wadda ƙungiyar dillalan shanu ke bayarwa, da hatiminta da komai. Jandarman da ke shingen ya ɗauki hotonta a waya tun jiya. Issufu ya karɓi wayar ya kai kusa da ido. Lamba 412. Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar. A ƙasa kuma, inda ake sa sunan wanda ya buga takarda, ya ga Mufida Issufu.

Ɗiyarsa ce, wadda ya yi ta faɗi-tashi har ta gama karatun sakatariya a Parakou, ta samu aiki a buro, wato ofishin ƙungiyar, wata goma da suka wuce.

Kadiri ya leƙa, ya sa aka karanta masa sunan. Ya kalli Issufu daga sama har ƙasa.

"To, Malam Issufu. Uba na bin sawu, ɗiya na buɗe hanya. Ashe gida guda munka kai kuka."

* * *

Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Jandarma suka rufe buron, suka tafi da kwamfutar ƙungiya, suka ce sai masani ya zo daga Parakou zai buɗe ta. Kumandan jandarma ya so ya tsare Mufida a ranar. Alhaji Aƙilu, shugaban ƙungiyar, shi ya tsaya mata, aka bar ta ta koma gida zuwa Litinin da safe. Ran Litinin kuma mota za ta kai ta Kandi gaban alƙali.

Issufu ya wuce ta gaban masu shayi, hira ta yanke. Da ya yi gaba kaɗan ya ji wani na cewa ashe shi ya sa shanun da aka sace bara ba a gan su ba. Bai waiwaya ba.

A ƙofar buron ya tarar da Alasan, mataimakin Alhaji Aƙilu, dillali mai fara'a wanda ba ya rabuwa da farar shadda. Alasan ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya yi masa jaje. Ya ce wallahi bai so faɗi ba, amma da kumandan ya tambaya dole ya faɗi gaskiya: ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar na Juma'a duk namijin da ke da makullin buron yana masallaci, shi kansa yana sahun gaba kafaɗa da kafaɗa da Alhaji. Yarinyar kaɗai aka bari a ciki. Ya ƙara da cewa yaran yanzu sai addu'a, wataƙila wani ne ya yaudare ta.

Issufu ya yi godiya ya hau moto. Tun da safe a wurin tsamiyar nan ya ga sawun wata tayar moto mai faci, don haka ya koma ya bi ta. Ta kai shi har Garou, ƙofar wani manomin albasa da ya je ɗauko injin ban-ruwa. Mutumin ya rantse bai ga shanu ba, kuma Issufu ya san gaskiya ya faɗa, domin tun a hanya ya lura tayar ta bi ta kan sawun kamiyon ne, ba kamiyon ya bi ta kanta ba. Ya san haka tun kafin ya isa Garou. Ya dai ci gaba ne don yana tsoron komawa gida.

* * *

Ya tarar da Mufida a tsakar gida tana zaune kan turmi, idanunta sun kumbura. Uwarta Balkissa ta ajiye masa ruwa ta koma ɗaki. Ya jawo kujera ya zauna gabanta kamar yadda yake zama gaban duk wanda sawu ya ƙare a ƙofarsa, ya tambaye ta ko ita ta buga takardar.

"Baba, har da kai?"

"Har da ni. In ban tambaye ki yau ba, jibi wani ya tambaye ki a Kandi, shi kuwa bai san fuskarki ba in kina faɗin gaskiya."

Ta ce ba ita ba ce. Tana buron a wannan lokaci, haka ne, amma abinci ta ci, ta yi salla, ba ta buga komai ba sai da maza suka dawo wajen ƙarfe biyu. Ya sake tambaya ta wata hanyar, ta ba shi amsa iri ɗaya. Sai ya ciro wayarsa, wadda jandarman shinge ya tura masa hoton a ciki, ya miƙa mata. Ashe tun safe ana ta yi mata magana a kan takardar, ba wanda ya nuna mata ita.

Ta duba, ta goge ido, ta sake dubawa.

"Wagga lamba ba ta Juma'a ba ce, Baba. Ran Juma'a a ɗari huɗu da talatin da ɗaya na tsaya. Ɗari huɗu da sha biyu tun Laraba da safe na buga ta, ta wani ɗan Kamba ce mai raguna."

Ya tambaya ko mutum na iya komawa baya ya sake ɗaukar lamba. Ta ce ba ya yiwuwa, na'urar ce ke ba da lamba da kanta, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to mi ya faru ran Talata, kafin wannan lambar ta fito. Ta ce ran Talata ne Latifu mai gyara ya zo don ya mai da aikin takardun cikin sabuwar kwamfutar hannu da aka ba ƙungiya kyauta. Ya wuni yana fama, abin bai yi ba, ya ce a ci gaba da tsohuwar. Ta ga ya zare kilensa, ɗan abin nan da ake kwasar aiki a ciki, ya jefa a aljihu.

Da sassafen Lahadi Issufu ya shiga kara, kasuwar dabbobi. Ɗan Kamban bai tafi ba, yana jiran kasuwa ta watse. Ya zaro takardarsa daga cikin hula. Raguna tara, Laraba, lamba 412. Issufu ya jera ta da hoton wayar. Shekara ashirin da biyar yana wannan aiki, bai taɓa ganin ƙafa ɗaya ta taka wuri ɗaya sannan ta kama hanya biyu ba.

* * *

Latifu Bayarabe ne ɗan Porto-Novo, amma shekararsa talatin a Malanville, gemunsa ya yi fari a nan, yana jin Hausa da Dendi kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shagonsa na bayan layin masu albasa. Da ya ga Issufu ya tsaya a ƙofa bai yi sallama da fara'a ba, sai ya ture tabarau kan goshi.

"Baban Mufida, sawu ne ya kawo ka? Ko kaza ba ni da ita, balle saniya."

Issufu bai yi dariya ba. Ya ajiye takarda da waya a kan tebur ya ce yana so ya ji yadda aka yi lamba ɗaya ta haifi takarda biyu, kuma yana so ya ga kilen da ya fita daga buro ran Talata.

Latifu ya duba, fara'arsa ta ɗauke. Ya jawo masa benci ya yi masa bayani a hankali. Aikin da ke buga takardun nan tsoho ne ƙwarai, ba ya tafiya sai a kan wani tsohon Windos da aka daina yi. Don haka tun tuni aka gina masa wata kwamfuta ta daban a cikin kwamfutar buron, wadda ba ta da ƙarfe ba ta da waya, amma tana da komai nata: takardunta, lambobinta, agogonta, har sunan Mufida da aka bari a buɗe don kada ta riƙa shigar da shi kullum. Masu sana'a na ce mata mashin birtuwel, shi kuwa 'yar ciki yake ce mata.

Issufu ya ce kamar saniya mai ciki ke nan. Latifu ya ce kusan haka, sai dai wannan ɗan ana iya ciro shi a sa wa wata uwa. Matsalar ita ce tsohuwar uwar Windos ce, sabuwar kuma Linuks, jininsu ba ɗaya ba, sai an yi ta lallashi. Kuma ba cirowa ake yi ba a gaskiya, kwafi ake yi. Ran Talata ya kwafi 'yar cikin a kile, ya zuba ta a sabuwar, ta buron kuma tana nan inda take. Daga wannan rana sun zama uku, kowace na jin ita ce ta ainihi, kowace na jiran ta ba da lamba 412.

"Ɗaya tana hannunka ke nan," in ji Issufu.

Latifu bai ji haushi ba. Ya soka kilen a tasa kwamfutar, ya tayar da 'yar cikin, ya juyo da fuskar na'urar. Lambar da ke jira 412 ce, ba a taɓa ta ba. Agogon da ke lungu ya yi daidai da na bangon shago.

Saura ta ukun. Latifu ya ce sabuwar kwamfutar tana gidan Alasan, shi ya ce zai adana ta tunda ba ta fara aiki ba.

Issufu ya ga wannan kaɗai bai isa ba. Alasan yana sahun gaba a masallaci ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar, rabin gari ya gan shi. In ya kai wannan magana gaban kumandan, cewa za a yi yarinyar ce ta saci kwafi ta yi aikinta lokacin da ba kowa. Ya dafe kai. Can ya tambayi Latifu, ba don yana sa ran komai ba, mi ya hana sabuwar aiki tun farko.

Latifu ya ce abu biyu ne. Ta ƙi gane injin buga takarda na buron, wannan kuwa mai wayo zai iya tura takardar a waya ya buga a kowane shagon hoto-kwafi. Na biyun kuma ƙaramin abu ne, bai samu ya gyara ba magariba ta yi: sabuwar uwar ba ta faɗa wa 'yar cikin lokaci yadda tsohuwar ke faɗa mata, sai ta tashi da agogon Lome.

Duk wanda ya taɓa hira da direbobin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Lome ya san agogonsu na bayan na Malanville da awa guda. Issufu ya ɗago kai a hankali. Ya tuna kashin shanun nan na bayan tsamiya, wanda ya ce masa an jira har la'asar.

Ya roƙi Latifu kada ya faɗa wa kowa. Daga nan ya wuce gidan Alhaji Aƙilu, ya ce masa gobe Litinin dillalai za su buƙaci takardu, ga kwamfutar buro a hannun jandarma, ko zai sa a kawo sabuwar yau Latifu ya ƙarasa aikinsa? Kuma a yi a gaban kumandan, don kada gobe a ce an taɓa wani abu a ɓoye. Alhaji ya ce shawara ce mai kyau, ya ɗauki waya ya kira Alasan.

* * *

Bayan la'asar aka taru a rumfar ƙungiya. Kumandan ya zauna a kujerar roba yana kaɗa makullin mota. Kadiri ya tsaya can gefe da sandarsa, ya ƙi zama. Dillalai sun cika benci biyu, Mufida na bayan ubanta, ta ja mayafi har goshi. Alasan ya iso da kwamfutar a jaka, ya gaisa da kowa, ya ajiye ta a kan tebur.

Kafin Latifu ya buɗe, Issufu ya nemi izinin yin tambaya guda. Ya ce shi tsoronsa kada a ce ɗiyarsa ta taɓa wannan ma, ko ta taɓa zuwa gidan Alasan, ko akwai wanda ya ari na'urar?

Alasan ya yi murmushi ya ce ya kwantar da hankalinsa. Tun Talata da yamma tana cikin kabad ɗinsa na ƙarfe, makullin na ɗaure a wandonsa, ko matarsa ba ta san inda yake buɗewa ba. Ba wanda ya taɓa ta, shi kansa bai kunna ta ba.

"Kowa ya ji?" in ji Issufu. Kumandan ya daina kaɗa makulli.

Latifu ya kunna, ya tayar da 'yar cikin. Jerin takardu ya fito, na ƙarshe 411, babu ta shanu sha huɗu. Alasan ya gyara zaman hularsa. Issufu ya matso, ya sa yatsa a inda lamba mai jira take, ya ce karatunsa kaɗan ne, kumandan ya taimaka ya karanta.

"Ɗari huɗu da sha uku."

Issufu ya ce to ina 412 ta tafi, a na'urar da ba a kunna ba? Ya ajiye takardar ɗan Kamba a tebur, ya ce wannan ita ce 412 ta buro, ta raguna tara, Mufida ta buga ta ran Laraba. Wadda aka nuna a shinge daga wani wuri ta fito. An share ta daga jeri, amma an manta na'urar ta riga ta taka gaba.

Alasan ya ce wannan shirme ne na na'ura, kuma ko ma mi ne ne, shi yana masallaci a lokacin da takardar ta faɗa. Alhaji shaida ne. Alhaji Aƙilu ya gyaɗa kai, ya ce wannan kam gaskiya ne.

Issufu ya tambayi kumandan ƙarfe nawa a agogon hannunsa. Biyar da minti goma. Ya nuna lungun na'urar. Huɗu da minti goma. Latifu ya yi bayanin agogon Lome a taƙaice, wani direba a bencin baya ya ce haka ne, su ma sai sun gyara nasu a kan iyaka.

"Ke nan ba ƙarfe ɗaya da ashirin da biyar anka buga ta ba," in ji Issufu. "Biyu da ashirin da biyar ne. Alhaji, a wannan lokacin ina Mufida take?"

Alhaji Aƙilu ya ce tana gabansa a buro. Shi da kansa ya zauna yana faɗa mata sunayen masu awaki tana bugawa, har uku saura kwata, ga dillalai huɗu a nan da suka tsaya a layi.

"Alasan fa?"

Alhaji ya juya ya kalli mataimakinsa. Ya ce ana sallame salla Alasan ya leƙa buro, ya buɗe durowar da hatimi yake ya ce goro yake nema, sannan ya ce zai je gida ya ɗan kwanta, kansa na ciwo.

Alasan ya kalli na'urar, ya kalli makullin da ke rataye a wandonsa. Kadiri ya taho da sanda, dillalai biyu suka riƙe shi. Kumandan ya miƙe ya ce wa Alasan ya ba shi wayarsa, kuma in yana so alƙali ya sassauta masa, ya faɗi inda kamiyon ya sauke kaya tun shanun ba su shiga hannun mahauta ba. Kafin a kai shi mota ya faɗi sunan wani ƙauye a kudancin Kandi.

* * *

Kumandan ya ce wa Mufida ba sai ta zo gobe ba. Alhaji Aƙilu ya kira ta "ɗiyata" sau uku a magana ɗaya, ya ce ƙarfe takwas yana jiran ta a buro. Kadiri ya matso yana murza sandarsa, ya kasa haɗa ido da Issufu, ya tambaya ko zai raka su kudu. Issufu ya ce da asuba zai zo, ya tanadi igiyoyi da mai na moto biyu.

Ya tura motonsa zuwa shagon Latifu ya ce a ajiye masa. Mufida ta nufi lungun da ke bi ta bayan masu hatsi, wanda ya fi kusa da gida.

"Ba ta nan ba," in ji shi. "Ta tsakiyar kasuwa za mu bi. Ɗaga mayafin nan daga fuskarki."

Kasuwar Lahadi ba ta gama watsewa ba. Ya sa ta a gaba yana biye da ita, a hankali, ya tsaya wurin masu albasa, ya tsaya wurin mahauta, ya tsaya wurin masu shayi. A kowace rumfa sai ya yi sallama, ya jira har an amsa, sannan ya ce, "Ga Mufida tana gaishe ku."